Shin shiga JROTC na tilasta wa ɗalibi zama soja?

Malam, ka tambaya ko shigar ɗanka shirin JROTC (darasin horo irin na soja da koyon shugabanci da ake bai wa ɗalibai) a makarantarsa ta sakandare da ke Amurka za ta ɗaure shi da aikin soja bayan ya kammala. Amsar ita ce a'a, domin ɗalibi ba ya sa hannu a kan wata yarjejeniyar zama soja, kuma ba a tura shi fagen daga.

Dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta kafa shirin, sannan wata doka ta 1964 ta faɗaɗa shi zuwa rundunonin ruwa da na sama, ta kuma ba da damar ɗaukar sojojin da suka yi ritaya su zama malamansa, inda makaranta da rundunar soja ke raba nauyin albashinsu. Ana koyar da fareti, da motsa jiki, da karanta taswira, da taimakon gaggawa, da tsarin mulkin ƙasa. Abin da na fi gani da muhimmanci shi ne yadda ake bai wa yaro muƙami a damƙa masa 'yan'uwansa ɗalibai, ya riƙa duba tufafinsu da halartarsu, alhali shi ma akwai na sama da shi da zai tuhume shi.

Masu suka suna cewa shirin hanya ce ta kwaɗaita wa yara aikin soja tun ba su gama mallakar hankalinsu ba, kuma maganarsu ba ta rasa tushe, tunda wanda ya yi shekaru a cikinsa yakan iya fara aikin soja da muƙamin da ya ɗan fi na sabon shiga. Saboda haka ka tabbatar ɗanka ne ya zaɓi darasin da kansa, ka kuma tambayi makarantar yadda ake fita idan ya canza ra'ayi.