Shawarar Lauya: Ana saye gidajen unguwarmu, ana kuma raɗe-raɗin rusau. Wane iko doka ta ba mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban wata tsohuwar unguwa a Kano. Tun da aka faɗaɗa titin da ke gefenmu dillalai suka sako mu gaba, ana sayen gidaje ana rushewa a gina shaguna, yanzu kuma ana ta raɗe-raɗin cewa gwamnati za ta karɓe layuka biyu a yi kasuwa. Yawancin gidajenmu na gado ne, kuma ba su da takardar mallaka. Shin jama'ar unguwa suna da ikon hana a tashe su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsaloli biyu ne suka haɗe muku, kuma kowacce da maganinta a doka.

Game da gwamnati, gaskiyar magana ita ce jama'ar unguwa ba su da ikon cewa a'a kai tsaye. Sashe na 1 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ke hannunku kuwa haƙƙin zama ne da amfani, wanda sashe na 28 ya ba gwamna damar sokewa idan ana buƙatar filin don amfanin jama'a. Sashe na 51 kuma ya buɗe ma'anar amfanin jama'a sosai, har ya haɗa da tsara birni da ayyukan bunƙasa tattalin arziki, saboda haka da wuya kotu ta ce gina kasuwar gwamnati bai shiga ciki ba.

Duk da haka ikon yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne gwamnatoci suka fi yin tuntuɓe a gaban alƙali. Wajibi ne a rubuta sanarwar sokewa, jami'in da gwamna ya ba izini ya sa mata hannu, a kuma isar da ita ga mai gidan ta hanyoyin da sashe na 44 ya zayyana. Jan fenti a bango ko sanarwa a rediyo ba sa maye gurbinta. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance ta 1991, Kotun Ƙoli ta rushe wata sokewa saboda ba a isar da sanarwa yadda ya kamata ba, ta kuma nuna cewa ba a ƙwace filin wani da sunan amfanin jama'a don a miƙa wa wani ɗan kasuwa. Idan har ta tabbata kasuwar da ake magana ta wani attajiri ce aka lulluɓe da rigar gwamnati, to kuna da hujja mai ƙarfi a Babbar Kotun Jiha.

Rashin takarda kuma kada ya karya muku gwiwa. Sashe na 34 ya ce wanda yake riƙe da ginannen fili a cikin birni kafin 29 ga Maris 1978, ana ɗaukarsa tamkar mai haƙƙin da gwamna ya bayar, kuma magadansa suna bin sawunsa. Aikin da ke gabanku shi ne tabbatar da hakan da hujja: takardar rabon gado daga kotun shari'a, tsofaffin rasitai na haraji da na ruwa da wuta, shaidar mai unguwa da dagaci, da zanen safiyo. Ku nemi takardun mallaka a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kano, a ƙungiyance, domin layin da kowane gida ke da fayil ya fi wuyar sharewa fiye da wanda ba a san shi a rajista ba.

Idan an bi ƙa'ida aka karɓe, abin da ya rage shi ne diyya, wadda sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a biya ba tare da jinkiri ba. Sai dai ku sani cewa sashe na 29 na Dokar Amfani da Filaye yana biyan kuɗin gini ne bayan an cire tsufansa, ba darajar filin a kasuwa ba, kuma kowa ya san abin da za a ƙiyasta wa gidan ƙasa mai shekara sittin. Saboda haka nake ba da shawarar ku matsa a kan sashe na 33, wanda ya ba gwamna damar ba da wani matsuguni a madadin kuɗi, ku kuma ɗauki naku masanin ƙiyasta kadara. Kada ku jira katafila ta iso kafin ku nemi umarnin dakatarwa. Mutanen Otodo Gbame a Legas sun samu hukunci a 2017 cewa tashinsu ba tare da sama musu matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki, amma a lokacin an riga an rushe gidajensu.

A ganina matsala ta biyu, wato sayen gidajen da dillalai ke yi, ta fi haɗari, domin ba ta zuwa da sanarwa kuma babu wanda za ku kai ƙara. Mai gida baligi mai hankali yana da 'yancin sayar da gidansa, ƙungiya ba ta da ikon hana shi. Wasu na kawo batun shufu'a, wato haƙƙin karɓar kadarar da aka sayar wa wani ta hanyar biyan kuɗin da ya bayar, to amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, shufu'a haƙƙin abokin tarayya ne a kadarar da ba a raba ba, ba haƙƙin maƙwabci ba. Tana da amfani inda ɗaya daga cikin magada ya sayar da kasonsa ga baƙo kafin rabo, domin sauran za su iya mayar da kuɗin su karɓe kason, amma ba ta wuce nan ba. Abin da maƙwabta za su iya shi ne rubuta ƙorafi ga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, saboda mayar da gidan zama zuwa rukunin shaguna yana buƙatar amincewar hukumar tsara birni.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce unguwa ta zama mai riƙe da fili da kanta. A unguwar Dudley da ke birnin Boston na Amurka, mazauna sun kafa ƙungiya a 1984, a 1988 hukumar birnin ta ba ta ikon karɓar kangwayen filayen unguwar tare da biyan diyya, daga nan ta gina gidaje fiye da 200 masu sauƙin kuɗi. Ƙungiyar ce ke riƙe da ƙasar, iyali kuma su mallaki ginin bisa hayar shekara 99, da sharaɗin cewa in za su sayar, akwai iyakar farashi. Dokarmu ba za ta ba ku ikon karɓar filin kowa ba, a cikin birni wannan na gwamna ne kaɗai, amma sauran tsarin yana yiwuwa. Ku yi wa ƙungiyarku rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wanda hakan zai ba ta damar mallakar fili da shigar da ƙara da sunanta. Sai ku kafa asusu, masu gidajen da suka yarda su sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya cewa duk mai son sayarwa zai fara yi wa ƙungiya tayi, a kuma yi mata rajista a ofishin filaye don kada mai saye ya ce bai sani ba. Gidan da ƙungiya ta saya za ta iya bayar da shi haya mai tsawo ga ɗan unguwa, tare da neman amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ya wajabta. Wannan ne ma kaɗai abin da zai rufa wa 'yan haya asiri, domin su ba su da rabo a diyyar gini.

Ga makaranta, rijiya, masallaci da filin da ake taruwa, wakafi ya fi dacewa, tunda ba a sayar da shi kuma ba a gadonsa, amma a rubuta shi a yi masa rajista, a kuma sani cewa bai hana gwamna amfani da sashe na 28 ba.

Inda irin wannan tsari ya fi lalacewa shi ne wajen amintattun kansu. Ku rubuta a kundin ƙungiya cewa ba a sayar da kadara ko jinginar da ita sai da yardar kashi biyu cikin uku na mambobi a babban taro, a sanya wa amintattu wa'adi, a kuma ba mata da 'yan haya kujeru. Kafin wannan duka, ku rubuta wa ma'aikatar filaye da KNUPDA wasiƙa kuna neman a bayyana muku ko akwai shiri a kan layukan nan biyu, ku karɓi kwafi mai hatimin karɓa, sannan ku kai shi tare da takardun gidajen wurin lauyan da ya saba da shari'ar filaye.