Fatawa: Ogana a bariki ya kai hannu jikina, an ce in ba shaidu huɗu in yi shiru

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zariya ce, haihuwar Tudun Wada, shekarata huɗu a aikin soja, ina da igiya ɗaya. Akwai wani hafsa da nake ƙarƙashinsa, magidanci da 'ya'ya, ya fi wata bakwai yana damuna. Da saƙon waya ya fara, cikin dare. Da na ƙi kula shi sai ya riƙa tsare ni da aikin ofis bayan an tashi. Ran wata Alhamis ya murza makulli, ya riƙe mini hannu, ya kai hannu jikina. Na ture shi na ƙwalla ihu, jin takun mutum a baranda ne ya sa ya buɗe ƙofa. Allah ya tsare, bai kai ga abin da yake nufi ba. Tun daga ranar ya hana ni fas, wato izinin fita daga bariki, sau biyu ana caji na kan laifin da ban yi ba, ya ce in ban kwantar da kai ba sunana zai fito cikin masu tafiya daji. Na gaya wa yayana, shi kuma ya kai maganar gun wani malami. Malamin ya ce in ba ni da shaidu huɗu in kama bakina, don ƙazafi ne mai bulala tamanin, rufa wa Musulmi asiri kuma wajibi ne, kuma wai ni na kai kaina. Malam, ina da zunubi? In na kai ƙara na saɓa wa Allah? Yanzu dai ya ɗan sarara mini, don ya koma kan wata ƙaramar yarinya da aka kawo mana bana.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya saka miki, ya ƙara tsare ki. Ba ki da zunubi ko na ƙwayar zarra. Ture shi da kika yi da ihun da kika yi, su ne abin da shari'a take so daga gare ki a wannan lokacin. Zancen biyayya ga na gaba kuwa ba ya buƙatar dogon bayani: ba a bin oda cikin saɓon Allah, a bariki ne ko a gidan sarki.

Na cire sunan barikin da na mutumin daga wasiƙarki da gangan. Ni mai fatawa ne, ɓangare ɗaya na ji, kuma a kan abin da kika faɗa nake ba ki amsa.

Jimlarki ta ƙarshe, wadda kika rubuta kamar ƙarin bayani, ita ce ta sauya hukuncin. Da a kanki kaɗai abin ya tsaya, da sai in ce kai ƙara halal ne gare ki, haƙƙinki ne, in kin so ki nema in kin so ki bari. Amma kin ce ya koma kan wata yarinya. Kenan sassaucin da kika samu, da wuyan wata aka saya miki shi. Yarinyar da ba ta daɗe da fitowa daga horo ba, wadda aka yi watanni ana koya mata cewa in na gaba ya yi magana ba a tambayar dalili, ina ta ga ƙarfin ture hafsa? Ke mai shekara huɗu ma da ƙyar kika sha. Don haka sanar da wanda zai iya hana shi ya zama wajibi a kanki gwargwadon ikonki. Mafi ƙarancin abin da zai sauke miki nauyi shi ne ki ja yarinyar gefe ki gargaɗe ta ƙarara, ba da habaici ba. Wannan nasiha ce, ba giba ba. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, na farkonsu kai kukan zalunci, kuma gargaɗin mutane daga sharrin wani yana ciki.

To, sai maganar shaidu huɗu. Zan daɗe a kanta, don na sha jin ta, kuma ta rufe bakin mata da yawa a garin nan. Ina kyautata wa malamin zato, wataƙila yadda aka kai masa labarin ke nan. Amma fatawar kuskure ce.

Ƙazafin da ake yi wa bulala tamanin shi ne jifan mutum da zina ita kanta, ko kore masa nasaba. Ke ba ki ce ya yi zina da ke ba. Kin ce ya kulle ƙofa, ya taɓa ki, ya yi miki barazana, ya zalunce ki a wurin aiki. Waɗannan laifuka ne na ta'aziri, wato horon da shugaba ko alƙali yake yankewa gwargwadon ɓarna, kuma ba wanda ya shardanta musu shaidu huɗu. Ana tabbatar da su da shaida ta yau da kullum da alamomi: saƙonnin da ke wayarki, mutumin da ya ji ihunki a baranda, takardun cajin da suka fara fitowa daidai bayan ranar Alhamis ɗin. Ɗauko hukuncin babi guda a ɗora wa wani babin, shi ne asalin ruɗanin.

Mu ƙaddara ma abin ya auku, Allah ya kiyaye, don na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba wanda ya zo wucewa ta baranda a ranarsu. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar wa wanda ake tuhuma haddin zina. Ba sharaɗi ba ne na buɗe baki a ce an zalunce ni. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujru labarin matar da ta fito zuwa salla a zamanin Annabi (SAW), wani ya auka mata, ta yi kururuwa ya gudu. Ta gaya wa wasu Muhajirai da suka zo wucewa, aka kamo mutum. A cikin ruɗewa ma ba shi ne mai laifin ba, sai daga baya mai laifin ya miƙe ya amsa. Duk da haka ba a nemi ta kawo mutum huɗu ba, ba a yi mata bulala ba. Abin da Annabi ya ce mata shi ne ta tafi, Allah ya gafarta mata. A zamanin Sayyadina Umar wani bawan hukuma ya tilasta wa wata kuyanga daga cikin khumusin ganima, wato kaso ɗaya cikin biyar na ganimar yaƙi, Umar ya yi masa haddi ya kore shi daga gari, ita kuwa bai taɓa ta ba. Imamu Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa, ya kuma kawo hukuncin Abdulmalik ɗan Marwan na cewa wanda ya yi fyaɗe sai ya biya matar sadaki, bayan haddi. Ibnu Abdil Barri ya ce in hujjar haddi ba ta cika ba, ana yi wa mai fyaɗen uƙuba, ita kuwa ba komai a kanta in tilas ta tabbata, kuma ana gane tilas da ihunta da neman agajinta. Alƙali Ibnul Arabi ya wuce nan, ya sanya ƙwace mace da ƙarfi a babin fashi, ya ce fashin mutunci ya fi na dukiya muni.

Don adalci, maganar malamin tana da wani tushe a littattafanmu na Malikiyya, ba zan ɓoye miki ba. A Tuhfa ta Ibnu Asim, wadda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, an rarrabe: macen da ta yi da'awar fyaɗe a kan mutumin da aka sani da salihanci, bayan lokaci ya ja, ba wata alama, tana iya faɗawa haddin ƙazafi. Wadda ta zo nan take tana kuka ko da rauni a jiki, ko wadda ta ambaci mutumin da aka san shi da fasiƙanci, hukuncinta daban ne. Duba da kyau, abin da malaman nan suke koyarwa shi ne a gaggauta magana, a riƙe alama. Wanda ya karanta wannan babi ya fito da "ki yi shiru" ya juya shi baibai, domin shirun ne yake lalata hujjar mace.

Rufin asiri kuma, an yi shi ne don wanda ya zame sau ɗaya tsakaninsa da Ubangijinsa, ya ji kunya. Wanda ya mai da cutar da mutane sana'a, yana amfani da anini a kafaɗa yana farautar na ƙasa da shi, malamai sun ce a kai shi gaban hukuma, don rufa masa asiri ƙara masa ƙarfin gwiwa ne. Wata bakwai yana bibiyarki, ga ta biyu ya fara. Wannan ba zamiya ba ce.

"Ke kika kai kanki" ita ce ta fi ɓata mini rai. Ko ya dace mace ta shiga soja, da wane sharaɗi, mas'ala ce daban da malamai suke da maganganu a kanta, ba ita kika tambaya ba. Ko wanda yake ganin bai dace ba, ba zai ce jikinta ya halatta ga oganta ba. Mu a Zariya da soja muka tashi. Tun 1924 Daffo take horar da kurata a garin nan, makarantar sojoji ta yara tana nan tun 1954, ga barikin Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna. Da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗa ko 'ya cikin kaki. In muka ce duk wadda ta sa kaki ta zubar da haƙƙinta, 'ya'yanmu muka sallama. Kuma kada a ɗauka mata kaɗai abin yake samu. Akwai samarin kurata da manya suke lalatawa, su kunyar faɗa ma ta fi kashe su. Hukuncin ɗaya ne: ba laifi a kan wanda aka fi ƙarfi, kuma yana da haƙƙin kai kuka.

Yanzu ga abin da zan gaya wa 'yar cikina da ita ce. Kada ki goge saƙo ko ɗaya, komai ƙazantarsa. Ki ɗauki hotonsu ki aje a wata wayar da ba ta kwana a bariki. Ki sami littafi ki rubuta ranaku: ranar da ya kulle ƙofa, ƙarfe nawa, wa ke gadi, ranakun caji. Ki tsaya a kan abin da ya faru, kada zafin rai ya sa ki ƙara ko kalma guda, don ƙari ɗaya yana rusa gaskiya goma, kuma shi ne zai iya jefa ki cikin zunubin da ake tsorata ki da shi.

Ki bi ta ƙofar da dokar aikinku ta buɗe. Dokar Rundunonin Soja ta Najeriya ta sanya fyaɗe cikin laifukan da kotun soja take hukuntawa, a sashe na 77, sashe na 179 kuma ya bai wa ƙaramin soja damar kai koke in na gaba ya zalunce shi, in ba a share masa hawaye ba ya ɗaga zuwa sama. Ki rubuta a takarda, ki riƙe kwafi. Akwai 'yan sandan soja, akwai limamin bariki wanda shi ma yana cikin tsarin rundunar kuma yana da bakin magana da kwamanda, akwai manyan hafsoshi mata. A waje kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kafin ki miƙa takarda ki zauna da lauyan da ya san dokar soja. Na san tsoronki: wanda za a kai wa ƙara abokin cin abincin wanda ake ƙara ne. Tsoron yana da tushe, ba zan ce miki ba za a matsa miki ba. Shi ya sa na ce gwargwadon iko, shi ya sa kuma ba na son ki shiga ke kaɗai. In yarinyar nan ta yarda ku haɗa baki, murya biyu ta fi wuyar dannewa.

Kada ki kai maganar Facebook ko TikTok. Rundunar tana da dokarta a kan haka, za a bar laifinsa a koma kan naki, ga shi kuma kin fita daga kai kuka ga mai iko kin shiga tallata magana ga wanda ba zai iya komai ba. Kada ki gudu daga aiki ba izini, wannan ma makami ne za ki miƙa masa. Kuma ke mai riƙe bindiga ce, don haka zan faɗa a fili: kare kai a lokacin da aka auko miki halal ne, da abin da zai tunkuɗe shi, amma ramuwa bayan an rabu ba taki ba ce, ba kuma ta yayanki ba. Ki gaya masa ni na ce kada ya tara abokai su tare kowa a hanya.

In ya sake kiranki ofis bayan an tashi, ki tafi da wata, ko ki tsaya a bakin ƙofa a buɗe. Ba don ke ce mai laifi ba, don kura ba ta cin akuya a gaban makiyayi. Sannan ki kula da wata ƙofa da Shaiɗan yake shigowa ta ita, ya ce miki ai tilas ce, ki ba shi sau ɗaya ki huta. Hana fas da barazanar turawa daji ba su kai tilas ɗin da zai halatta miƙa kai ba, kuma irin waɗannan mutane ba sa tsayawa a sau ɗaya.

Ga wadda kuwa abin ya riga ya auku a kanta: ki je asibiti kafin ki yi wanka ko ki wanke tufafin, in da hali. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. A nan Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba, an buɗe ta ne don masu irin wannan lalura. Zuwa can ba tonon asiri ba ne, neman magani ne, kuma takardar likita tana cikin alamomin da alƙali yake dubawa. Ba wajibi ba ne ki ba mai neman aurenki labari, ba tuba a kanki don ba ki yi laifi ba. In barci ya ƙaurace miki, ko kina firgita da ƙarar makulli, ki gaya wa likita, ki haɗa da azkar ɗinki na safe da yamma.

Ki ba yayanki wannan amsa ya kai wa malamin cikin ladabi. In yana da hujjar da ban gani ba, ƙofata a buɗe take bayan sallar La'asar.

Wallahu a'alam.