Ledar Sitacin Rogo: Kun Tambaya, Mun Amsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar ƙuli-ƙuli da yaji a Jega, kuɗin leda kuma kullum ƙaruwa yake. Na ji ana dafa sitacin rogo ya zama leda. Na gwada sau biyu. Na farko ya farfashe kamar ƙanzo, na biyu ya yi danƙo, ya ƙi ɓanɓaruwa daga faranti. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalolin biyu tushensu ɗaya, wato gilisarin. Shi ne ke shiga tsakanin sitacin ya riƙe ɗan danshi, ya sa ledar ta lanƙwasu ba ta karye ba. A karon farko ya yi kaɗan, a na biyu ya yi yawa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne nauyinsa ya zama kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin sitacin.

Ki auna sitaci giram 10, kusan babban cokali ɗaya da ɗan tozo. Ruwa mililita 200, gilisarin mililita 2.5, ruwan kal fari mililita 5. Cokali yana yaudara wajen gilisarin saboda kaurinsa, don haka ki sayi sirinji a kemis ki riƙa aunawa da shi. Ki nemi gilisarin zalla wanda aka yarda a sa a abinci, domin na shafawa da ake saye lokacin hunturu sau da yawa akwai turare a ciki.

A ruwan sanyi za ki dama komai kafin ki ɗora a wuta, in ba haka ba gudaji za ki samu. Wutar ta zama kaɗan, kina juyawa a hankali ba tsayawa. Sitacin rogo yana fara nuna ne idan zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, tun ruwan bai tafasa ba. Za ki ga farin ya gushe, ya yi kauri kamar talge, har kina hango gindin tukunyar ta cikinsa. Kada ki sauke nan take, ki ƙara minti biyar kina juyawa. Duk inda kika ga fari-fari a busasshiyar leda, sitacin wurin bai nuna ba, kuma daga nan za ta yage. In ya yi kumfa, ki bar shi ya huce na 'yan mintuna kumfar ta taso ki kwashe.

Wannan haɗin zai rufe tire mai faɗin santimita 30 da tsawon 30, zurfinsa kusan milimita 2. Tiren roba mai santsi ya fi na ƙarfe ko gilashi, don sitaci yana manne musu. Ki tabbatar ƙasa a daidaice take, in ta karkata gefe ɗaya zai yi kauri, ɗayan ya yi sirara. Ki ajiye a ɗaki, ki kifa kwando don ƙuda da ƙura, ki ba shi kwana biyu zuwa uku. Mutane da yawa suna kai wa rana don sauri, sai sama ya bushe ƙasa na ɗanye, ya nannaɗe ya tsage. Da hunturu iska kaɗai na iya yin wannan ɓarnar, sai ki ƙara gilisarin zuwa mililita 3. Da damina ki rage zuwa 2.

Abu ɗaya game da sitacin kansa. Na guga da ake jiƙawa da ruwan sanyi ba na abinci ba ne, ki bar shi. Gasara ma tana da dusa, ledarta takan fito da duhu da gautsi. Ki fere rogo, ki goge, ki tace da ƙyalle, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye. Ki sauya ruwan sau uku, musamman in rogon mai ɗaci ne, domin wankin ne ke tafiya da gubarsa.

Kyandir ba ya like bakin wannan leda, ƙonewa take yi. Ki shafa ɗan dafaffen sitaci a bakin, ki matse, ki bari ya bushe. Yaji zai zauna lafiya. Ƙuli-ƙuli ma mansa ba ya ratsa ta da sauƙi, amma danshin iska yana ratsawa, da damina zai yi sanyi cikin kwanaki kaɗan.

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gusau. Ɗalibaina suna so mu yi ledar da za a ƙulla zoɓo ko alale. Zai yiwu?

Amsa: Malam, ba zai yiwu da sitaci ba. Da sitacin da gilisarin duk masu son ruwa ne. Ku yanka ƙyallen ledar ku jefa a kofin ruwa, ɗalibai su duba agogo: za ta yi laushi, ta kumbura, ta saki. Wannan kansa darasi ne mai kyau. Shafa mata narkakken kakin zuma yana jinkirta jiƙewa, amma kakin yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, ga shi alale a tafasasshen ruwa ake dafa shi. Ga alale, ganye da gwangwani sun riga mu warware matsalar.

Kofuna da ledojin da ake cewa na masara ne a ƙasashen waje galibi wata irin roba ce da ake kira PLA. A masana'anta ake tsimar da sukari ya zama wani sinadari mai tsami, sannan a sarrafa shi da injina. Ba aikin tukunya da murhu ba ne. Gwajin da za mu ba ku shawara shi ne ku yi tire uku, gilisarin mililita 1.5, da 2.5, da 4, ku yanka su daidai, ku rataya musu nauyi ku rubuta wadda ta fara tsinkewa. Ku maimaita bayan mako uku, za ku tarar duk sun ƙara tauri, don sitaci yana sake ɗaurewa in ya kwana biyu.

Tambaya: Daga Yawuri nake. Leda ta taɓa kashe mini akuya. Wannan in dabba ta ci fa? Kuma tana ruɓewa da gaske?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ledar kasuwa ba ta narkewa a tumbi, taruwa take har ta toshe shi. Ta sitaci zalla kuwa cikin akuya na narkar da ita, kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa makonni kaɗan take yi ta ɓace. Sai dai abin da akuya ta ci, ɓera da kyankyaso da tururuwa ma za su ci, kuma da damina fumfuna na kama ta. Ka yi daidai wadda za ka yi amfani da ita, ka adana a mazubi mai murfi. In kuma niyyarka ka sayar da abinci a ƙunshe cikinta da sunanka a jiki, sai ka fara tuntuɓar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.