Amsa kan tattara bayanan wayoyin jama'a a Amurka

Malam, ka tambaya ko da izinin doka gwamnatin Amurka ta riƙa tattara bayanan wayoyin 'yan ƙasarta. Ta fake ne da sashe na 215 na dokar Patriot ta shekarar 2001, wato dokar yaƙi da ta'addanci. A 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumomin leƙen asirin ƙasar aiki, ya fallasa umarnin wata kotun sirri, wanda ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa wa hukumar leƙen asiri ta NSA, kullum, lambar mai kira da ta wanda aka kira da tsawon hirarsu, ko da ba a zargin mutum da komai, kuma a ganina nan ne ɓarnar take. A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa sashen bai ba da wannan izini ba.