Sake ɗura kwankon harsashin .30-06

Malam, ka ce kana Tawa, harsashin .30-06 na bindigar farauta ya yi tsada, kana son ka riƙa sake ɗura kwankon da ka harba. A Amurka, inda harsashin ya fito tun 1906, mafarauta na yi, amma da injin matsewa, da sikeli, da littafin awo na kamfanin albarushin.

Kuskuren mutanenmu shi ne ɗaukarsa kamar ɗurin bindigar toka, a auna da ido. Albarushin harsashin da na bindigar toka ma ba iri ɗaya ba ne. Ka zarce awo ko ka gauraya, bindigar ta fashe maka a fuska. Kwankon da wuyansa ya tsage kuwa, jefar da shi.

Ni dai ban ba ka shawarar farawa kai kaɗai ba. Fara zuwa wajen jandarma da ma'aikatan gandun daji ka ji abin da takardar izinin bindigarka ta halatta, sannan ka nemi ƙwararren mai gyaran bindiga.