Alƙalami mai zuƙo tawada da sanda: wanne za mu kawo shago?

Ɗana, ka ce wani malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura ya zo neman alƙalamin tawada irin mai sanda a gindi, wanda ake turawa sau ɗaya ya cika, amma ya ce kuɗinsa bai kai na Pilot ba. Kana tambaya wanne za mu sa a kawo mana, kuma da me za ka gane na kirki tun bai bar hannunka ba.

Fara sanin cikinsa tukuna, don zaɓen duka a nan yake. Gangar alƙalamin ita ce tankin tawada, babu wani bututu daban a ciki. Siririyar sandar ƙarfe ce ta ratso gangar daga gindi, a kanta kuma akwai ɗan faifan roba. In ka kwance murfin gindi ka ja sandar waje, robar nan takan lanƙwashe, iska ta wuce ta gefenta. In ka tura sai ta baje ta kama bangon ganga gam, irin yadda fatar famfon keke ke yi. Iskar da ke gabanta ta fice ta baki, bayanta ya zama fanko. Dab da ƙarshe gangar tana da ɗan faɗi, da robar ta iso nan sai ta saki bango, ka ji ƙas, tawada ta taso da ƙarfi ta cike gurbin. Shi ya sa a turawa yake cika, ba a ja ba, kuma nan sabon hannu ke rikicewa. Dabarar ta tsufa: kamfanin De La Rue na Ingila ya fito da ita a alƙalamin Onoto tun 1905, Sheaffer na Amurka ya bi sahu a shekarun 1930. In aka kawo maka tsohon Parker Vacumatic kada sunan ya ruɗe ka, nasa aikin daban ne, jakar roba gare shi.

Roba uku ke riƙe da wannan aiki: ta kan sanda, ta gindi inda sandar ke shige da fice, da zoben da ke tsakanin ganga da mariƙi, wato wuyan da yatsu ke riƙewa wajen rubutu. Ɗaya ta saki, zuƙo ya mutu. Saboda haka in na ɗauki alƙalami mai araha ba na fara duban ƙyallinsa. Ina duba ko robobin nan suna kamawa, ko yana kwancewa a kai gare su, da ko gangar za ta jure ɗauri ba ta tsage ba.

Pilot Custom 823 na Jafan, mai bakin zinariya, shi ne abin da kowa ke kwaikwayo, kuma ya haura dala 250. Ajiye shi gefe. TWSBI Vac700R na Taiwan yana wajen dala 70 zuwa 80, yana cin tawada sama da mililita 2, bakinsa na kamfanin JoWo ne na Jamus, kuma a kwalinsa akwai 'yar sifanar kwance shi da kwalbar giris. Kamfanin da ya ba ka sifana ya yarda a buɗe kayansa, wannan kuwa babban abu ne ga mai gyara. Yana da ƙane, Vac Mini, gajere mai shiga aljihun kaftani ba tare da ya leƙo ba. Sai na Sin, inda arahar take. Wing Sung 699 siffar 823 ya ɗauko sak, kuɗinsa tsakanin dala 20 da 30. Asvine V126 yana kusa da haka ko ya ɗan ɗara, PenBBS 456 kuma ya ɗara su kaɗan. Ga malamin nan, ni V126 ko 699 zan ba shi. In ya ce zai iya ƙarawa kuma yana son abin da zai riƙe shekaru ana canza masa roba, a kawo masa Vac700R. Ka kula wajen odar 699, iri biyu ake yin sa, mai sanda da mai fistan da ake murɗawa, kuma a hoto kamanninsu ɗaya. Karanta bayanin da kyau kafin ka biya.

Akwai waɗanda ba su kai dala 10 ba. Ka sayi ɗaya don kanka, ka kwance ka ɗaure har hannunka ya saba, amma kada ka sayar wa wanda zai yi makin jarrabawa da shi kullum. Robar gangarsu ba ta da kauri, ga ƙarfe mai nauyi an ɗaura mata a gindi da wuya, kuma inda ƙarfe ya shiga cikin siririyar roba nan tsagewa ke farawa.

Duk wanda ya iso, komai sunansa, ruwa zai fara sha kafin tawada. Ɗauki kofin gilashi da ruwan leda. Ja sandar har ƙarshe, ka tura ta zuwa rabi, ka saki. In robobin suna kamawa za ka ji tana turo yatsanka, ta ɗan komo baya da kanta. In ta tsaya cik ko ta zurma ba nauyi, iska na shiga ta wani wuri. Sai ka tsoma bakin duka har ruwa ya taɓa mariƙi, ka tura a tafi ɗaya ba tsayawa, ka bar shi a ciki daƙiƙa 5 bayan ƙarar. Lafiyayye zai cika rabi zuwa kashi 2 cikin 3. Wanda ya tsaya a kwata yana da ciwo, kuma ciwon yana nuna kansa. In ka sake jan sandar ka gan ta jiƙe sharkaf har tana ɗiga, robar gindi ce. In sandar ta fito a bushe amma ka ga 'yan kumfa suna tasowa daga wuya, zoben mariƙi ne, ko dai bai zauna ba ko ya yanke. In babu ko ɗaya cikin biyun, faifan kan sanda ne ya ƙanƙance ko ya bushe. Bayan haka goge shi, ɗaga shi a hasken rana, ka bi tiredin wuya da na gindi, wato zaren da ake murɗawa a ɗaure, da gilashin masu gyaran agogo. Tsagar da za ta zubar da tawada wata uku masu zuwa yanzu siririn farin layi ce kawai.

In mai saye yana son ya cika maƙil, nuna masa zuƙo na biyu. Bayan na farko ya juya baki sama, ya ja sandar a hankali har ƙarshe, ya tura sannu sannu har iskar ta fita tawada ta kusa leƙowa. Yana riƙe da sandar a nan, kada ya saki, ya kifa bakin cikin kwalba ya ƙarasa turawa. Ya riƙe tsumma kusa. Kwalbar ma a duba ta: bakin waɗannan alƙaluma dogo ne, yana son zurfin tawada kamar santimita 3, kuma hannun da ke tura sanda da ƙarfi yana iya doka baki a gindin kwalba ya lanƙwasa shi. Hannu ɗaya ya riƙe ganga a sama, ɗayan ya tura.

Yanzu ga abin da ke dawo da masu saye da fushi. A tsinin sandar akwai wata 'yar roba ta huɗu, ita ce bawul. In aka ɗaure murfin gindi tam, tana toshe hanyar tawada zuwa baki. Mutum zai rubuta shafi ɗaya ko biyu da abin da ya rage a mariƙi, sai alƙalami ya ƙafe alhali ga tawada fal yana gani, ya ce an sayar masa da lalatacce. Kada ka bar kowa ya fita shagon nan ba ka sa ya yi da hannunsa ba: zai yi dogon rubutu, ya kwance gindin kamar milimita 2, juyi ɗaya ko biyu, ya gama, ya ɗaure. Wani lokaci robar kan manne ko an kwance, sai a ɗan ja murfin baya ta saki. Za ka ji wasu na cewa a cire ta kawai a huta. A garin nan ban yarda ba. A watan Afrilu zafin Katsina na wuce digiri 40, kuma tankin da ya yi rabi rabinsa iska ne. Iska in ta ji zafi kumbura take yi, ta tura tawada waje ta baki, cikin murfi, daga nan zuwa aljihun farar shadda. Bawul ɗin nan shi ke tare wannan, kuma shi ne babban dalilin da zan ba mutumin nan mai sanda maimakon mai fistan. Mai tafiya Hajji ko Umara ma zai gode masa a jirgi. Sharaɗi ɗaya ne, in za a buɗe bayan ya sha zafi, baki ya kalli sama, a kwance a hankali iskar ta fita ita kaɗai. Gaban mota kuwa da rana ba wurin ajiye shi ba ne, ko a rufe yake.

Baki: takardar littattafan makarantunmu tana shan tawada, layi ya baje. Ka yi odar F, wato siririn baki, ka haɗa da EF kaɗan, wanda ya fi shi siranta, M matsakaici kuwa sai ga mai sa hannu a takarda mai kyau. F na Sin da Jafan ya fi F na Jamus siranta, ka faɗa wa mai saye. Duba tsinin a gilashi, rassan biyu su zauna daidai, kada ɗaya ya hau kan ɗaya. Gwada shi hagu da dama, sama da ƙasa. Mai rubutun ajami ko Larabci ka ba shi ya ja layinsa daga dama da kansa, don bakin da ke santsi a boko yana iya karta a can. Da hunturu kuma murfi ake gwadawa: cika shi, rufe, ajiye kwana 3, in ya tashi a jan farko murfin yana kamawa.

Tawadar allo ba ta shiga cikinsa, ko an tace ta sau nawa. Ƙaron da ke cikinta in ya bushe yana liƙe siraran hanyoyin da ke ƙarƙashin baki, garin gawayin kuma ya karce ganga ya ci faifan roba. Haka ta hatimi da ta firinta. Parker Quink ko Pelikan 4001 sun wadatar, ga sauƙin wankewa. Wankin ma aiki ne, don tawada na maƙalewa a bayan faifai. Sai an zuƙa an fesar sau 10 ko fiye kafin ruwa ya fito fari, sai dai in mariƙin na kwancewa a sa sirinji. Wanda ke son ja yau, shuɗi gobe, ka ba shi mai ɗan bututun da ake cirewa, mai sanda zai gajiyar da shi. Ruwan sanyi kawai, in ta kama a ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya. Ruwan zafi na sassauta roba, sifirit kuma yana tsatsaga gangar, ko goge bayanta kada ka yi da shi.

In sanda ta fara nauyi, kwance gindi da sifanarsa, shafa giris na silikon a gefen faifan da jikin sandar, ɗan abin da kan tsinken ashana zai ɗauka. Kada ya taɓa bawul ko hanyar tawada, in ya shiga nan tawada ba za ta bi ba. Basilin da man keke suna kumbura roba, ba a kusantar da su. Wajen mayarwa ka fara juya baya har ka ji tiredi ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaura, kuma da ya tsaya ka tsaya. Zoben roba ne ke hana yoyo, ƙarin ƙarfi tsaga kawai yake jawowa.

In za ka rubuta odar, ka lissafa da canjin dala na ranar da kuɗin dako, ka sa uku uku na V126 da 699, da Vac700R ɗaya in malamin ya ba da kafin alƙalami. Ka haɗa da bakuna na canji na kowane iri daga mai sayarwa ɗaya, don ba kowane baki mai girman lamba 6 ke zama a kowane mariƙi ba, da kwalbar giris ɗaya, da zobban roba in yana da su.