Tambaya da Amsa: Wai wanene Hank Mobley?

Tambaya: Salam Malam. Cikin kayan marigayi babana na tsinci wani tsohon faifan garmaho, an rubuta Soul Station, Hank Mobley. Kowa na tambaya sai yace bai sanshi ba, shin wani ne ma kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba, gaskiya ya san kiɗa. Mobley ba'amurke ne mai busa saksofon (wani abin busa na ƙarfe) a kiɗan jaz, an haife shi 1930 a jihar Jojiya. Faifan nan kamfanin Blue Note ne ya ɗauka a 1960, Art Blakey ne akan ganga, Wynton Kelly a fiyano. Matsalarsa kawai ya taso zamanin su John Coltrane da Sonny Rollins, su busarsu da ƙarfi take kamar ana faɗa, shi ko tashi a sanyaye take, ba hayaniya, sai ka nutsu zaka gane gwanintar, to kasan mutane da son abu mai ƙara. Har ƙungiyar shahararren makaɗin jaz Miles Davis ya shiga a 1961 amma bai jima ba. Daga baya ciwon huhu ya raba shi da busa, ya rasu 1986 a Filadelfiya cikin talauci. Ni dai a ganina an ci masa haƙƙi. Faifan kuma kar ka barshi a rana, lanƙwashewa yake.